Bango Ɗaya Tsakanina da Baba Jibo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Mutari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa ka shiga sabon gidanka da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya haɗa ka da maƙwabta nagari, kai ma ya sa ka zame musu nagari.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, tunda daga Bukoki zuwa Yantala taksi ɗaya ne. Amma akwai maganar da bakina ya kasa faɗa maka ido da ido. Ranar da ka kawo kayan kallon nan naka ka gwada mana a zaure, talabijin da ƙananan bafil biyar masu fitar da sauti da wancan baƙin akwati mai ƙugi, ka ga na tashi na fita. Ka ɗauka fim ɗin ne bai yi mini ba. Ba haka ba ne. Ƙugin ne ya taɓo mini wani wuri. Yanzu kuma na ji gidan da za ka shiga bene ne, iyali shida a ciki, wasu a ƙarƙashinka, wasu a gefenka. Shi ya sa na ce bari in ba ka labarin Baba Jibo. Mahaifiyarka kaɗai ta san shi duka, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa, ya rage ni kaɗai.

A shekarar babban farin nan, zamanin soja, ban kai talatin ba. Na zo Yamai daga Maradi da keken ɗinkina da mahaifiyarka, muka kama ɗaki a wani gidan haya nan Bukoki, na wata tsohuwa Bazabarma. Ɗakuna ne na ƙasa a jere, rufin kwano ɗaya ya rufe su duka, bangon da ke tsakani ma bai kai rufin ba. A rumfar ƙofar ɗakina nake ɗinki. Mutane na ta kwararowa daga arewa, dabbobinsu sun ƙare, suna kafa bukkoki a bayan gari suna jiran a raba jar dawa. Ni kuwa Allah ya rufa mini asiri, don matan ma'aikata ba su daina ɗinka shadda ba.

A lokacin ne wani direban babbar mota ya kawo mini rediyo mai kaset daga Kwatano, da bafil biyu, kowane ya kai mini gwiwa. Batirin mota nake sa masa. Mutari, ban taɓa mallakar abin da na so kamar wannan ba. In na sa kaset ɗin kiɗan bakin teku, mai jita da manyan ganguna, sai in ji ƙafata na taka keke da kanta. Samari su taru, masu ɗinki su gane rumfata tun daga bakin hanya. Na jingina bafil ɗin biyu da bango, a ƙasa, don na lura a nan suka fi ƙugi. Kuma ina yabon kaina da cewa ni mai kunya ne, don da an kira magariba nake kashewa. Daga hantsi zuwa faɗuwar rana kawai nake kunnawa, lokacin da a ganina kowa idonsa biyu.

Bangon da na jingina su, bayansa ɗakin Baba Jibo ne.

Mutumin ƙasar Tanut ne, dogo, siriri, ya haura hamsin. An ce da yana da garke har ana nuna shi. Fari ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen da hannunsa ya yanka. Ƴaƴansa maza biyu sun yi kudu neman abinci, babu labarinsu. Ya zo Yamai da matarsa Hajo, ya samu gadi a mangazar wani ɗan kasuwa wajen Mawre, inda ake ajiye buhunan hatsi. Yakan fita bayan magariba, ya dawo da safe. Na san wannan sarai, ina ganin fitarsa da dawowarsa. Amma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina yaushe mutumin nan yake barci ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na auna lokacin kowa da nawa. To kai, kafin ka ɗaura waya ko ɗaya a sabon gidanka, ka bi ƙofa ƙofa ka gaida mutane, ka san su waye. Wataƙila akwai mai aikin asibiti da ke kwana a tsaye, ko mai gasa burodi, ko mai jego, ko tsoho mai hawan jini. Kada ka ce ai rana ce. Ranarka daren wani ce, kuma ba zai zo ya gaya maka ba.

Ko da yake Baba Jibo ya zo. Ya zo har sau biyu, ni ne ban ji ba.

Zuwan farko, wajen azahar ne. Ya fito idanunsa jajur, ya tsaya bakin rumfa ya yi sallama. Na ɗan rage sauti na amsa.

Ya ce, “Tela, sannu da aiki. Wannan abin naka, ma sha Allah, yana da ƙarfi.”

Na ce, “Ai Baba, duk Bukoki babu irinsa. Daga Kwatano aka kawo.”

Ya ce, “Lalle. Har cikin ƙirji mutum ke jin sa.”

Na yi dariya, na ce ai daɗin ke nan. Har na ce ya zauna in sa masa wani kaset ɗin da ya fi wannan. Ya yi murmushi, ya ce a'a, zai je ya yi alwala. Ya tafi, ni kuma na mayar da sauti inda yake, raina fari wai an yaba kayana.

Zuwa na biyu, bayan kamar mako uku, ya kawo mini rigarsa da ta yage a kafaɗa. Ina ɗinkewa yana zaune a kan benci, sai na ga kansa na rinjaya, yana gyangyaɗi. Na ce, “Baba, gajiya ce?” Ya farka ya ce, “Tsufa ne, ɗana. Barcin rana ba ya kama ni kwanan nan.” Ya dubi bafil ɗin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na ce ya nemi saiwar da ake jiƙawa, an ce tana sa barci. Wallahi abin da na ce masa ke nan.

Ka gani, shi baƙo ne, ba ya jin Zabarmanci, ba ya jin Faransanci, ba shi da kowa a garin. Ni ina da abokai, ina da masu ɗinki matan manya. Mutum irinsa ba zai ce maka “rage” ba. Zai yabi abinka, ya faɗi ciwonsa a gefe, ya bar maka sauran. Don haka in maƙwabcinka ya tare ka a matakala ya ce, “Jiya mun sha kallo tare da kai,” yana dariya, kada ka taya shi dariyar. Ƙara ce ya kawo. Wanda ya zo ya buga maka ƙofa da faɗa ma ya fi sauƙi, don ka san inda ka tsaya da shi. Mai kunyar nan shi za ka fi jin tsoron haƙƙinsa.

Daga baya Hajo ta samu mahaifiyarka wajen famfo, ta gaya mata a fili cewa malam ba ya samun barci, yana tafiya gadi yana tangaɗi. Mahaifiyarka ta same ni ina yanka yadi, ta ce, “Maigida, don Allah a rage kiɗan nan. Baba Jibo da rana yake barci.” Na ji haushi, ba don komai ba sai don ta faɗa a gaban samari biyu da ke zaune. Na ce, “Shi ya aiko ki? Ai gemu gare shi, ya zo ya faɗa da bakinsa.” Ta juya ta koma ɗaki. Duk da haka na rage, kwana biyu ko uku. Muryar mawaƙin ta yi ƙasa har ni kaina da ƙyar nake jin ta, na ce to na yi iyakar ƙoƙarina. Da na ga ba wanda ya zo ya gode mini, a hankali hannuna ya mayar da abin inda yake.

Ranar wata Laraba Baba Jibo bai dawo da safe ba. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Sai ga wani mai turin kura ya zo da labari: an fasa mangazar ta baya, an kwashe buhuna, an tarar da mai gadi yana barci a zaune, sandarsa a kan cinya. Ɗan kasuwar ya ce ba yadda za a yi a fitar da buhuna haka mai gadi bai ji ba, sai dai da bakinsa a ciki. Aka tafi da shi aka tsare.

Kai ba ka san zamanin ba. Hatsi a shekarar nan ya fi komai tsada a idon hukuma, maganar satar buhu ba ƙaramar magana ba ce. Mutane kuma na tsoron kaki. Ko a rumfata, in hira ta karkata wajen gwamnati, sai kowa ya duba bayansa.

Hajo ta zo ta durƙusa a bakin rumfata, tsohuwa da ta isa ta haife ni. Ta ce, “Tela, kai ka san mutane, kana jin bakinsu. Ka je ka ce musu malam ba ɓarawo ba ne. Ka ce musu barci ne ya fi ƙarfinsa, ba ya samu a gida.” Ba ta ce saboda ni ba. Ta tsaya a nan.

Na ce, “Inna, ki tashi. In sha Allah za a duba. Bari in gama wannan ɗinkin, na masu biki ne.”

Ban je ba. Na ce wa kaina in na je za a tambaye ni takardu, za a rubuta sunana, wataƙila a ce ni ma da ni. Kuma abin da na fi jin kunyar rubutawa: ko kwana uku ba a yi ba na mayar da kaset. Na ce ai yanzu ba mai barci a ɗakin.

Ana nan, ranar Juma'a mahaifiyarka ta auna gero a ƙwarya ta ce in kai wa Hajo, ita hannunta da ƙullu. Na tashi na bar kaset na ci, na zaga na yi sallama na shiga. Ban taɓa shiga ɗakin ba sai ran nan.

Mutari, a ɗakin nan babu waƙa. Ba muryar mawaƙi, ba jita, ba abin daɗi ko ɗaya. Abin da ke ciki kawai dum, dum, dum, kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Na ji shi a tafin ƙafata, na ji shi a haƙorana. Murfin wani kwano da ke kan tukunya yana ta ƙaƙar-ƙaƙar shi kaɗai. Ƙasa na zubowa daga bango kaɗan kaɗan, ta taru a gindinsa. Na ɗaga kai na ga sun cusa tsummoki da tsofaffin buhuna a tsakanin bango da rufi, duk tsawonsa. Tabarmarsa kuma ya ja ta can ƙuryar da ta fi nisa, bakin ƙofa, inda rana ke bugawa. Watanni biyar mutumin nan yana kwance a cikin wannan.

Hajo ta karɓi ƙwaryar ta yi godiya. Ta ga ina kallon tsummokin, ta ce, “Malam ne ya sa. Ya ce ko zai rage. Muryar ta ragu, amma dukan bai ragu ba.”

Na fita da gudu na cire wayar batir. Na zauna a kan keke, na kasa zura zare a allura.

Abin da na gane ran nan shi nake so ka riƙe. Abin da kake ji a ɗakinka daban, abin da maƙwabci ke ji daban. Murya bango na tare ta. Ƙugin nan da kuke kira bas, shi ba ya bin iska kaɗai, jikin gini yake bi, ta daɓe, ta bango, ta ginshiƙi. Kana iya rage sauti har ka ce ka yi adalci, shi yana nan yana dukan na ƙasa da kai. Na je wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwa na kwatanta masa akwatin naka, don ni ban san kayan zamani ba. Ya ce kada ka jingina shi da bangon da kuka haɗa da wani, kada ka sa shi a lungu, don lungu na ƙara masa ƙarfi. Kada ya zauna a kan siminti tsirara. Ka yanko soso mai kauri daga tsohuwar katifa, ka ɗora katako a kai, sannan ka ɗora shi. Ka jawo shi kusa da inda kake zama, yadda kaɗan zai ishe ka. Ya ce kuma yana da maɓallinsa na kansa, ana rage shi ba tare da an taɓa murya ba. Amma duk wannan dabara ce kawai. Abin da ni zan ƙara maka shi ne ka kunna shi yadda ka saba, ka bar matarka kusa da shi, ka sauka ka roƙi na ƙasa ya bar ka ka shiga ɗakinsa. Ka cire takalmi ka tsaya. Ka sa tafin hannu a bango. Ka kira ta a waya ta dinga ragewa har sai hannunka ya daina jin komai, sannan ka koma ka yi alama a wurin, kada ka ƙara wucewa. Haka za ka yi da na gefe. In ranka na son fiye da haka, ka sa na kunne, ka ji kai kaɗai.

Washegarin ranar da na shiga ɗakinsu, na sa babbar riga na nufi inda aka tsare shi. Na isa har bakin ƙofa. Na ga mai kaki a tsaye da bindiga, ya dube ni ya ce, “Me kake nema?” Na ce hanya na ɓata. Na juyo.

Tsohuwar nan mai gidanmu, wadda muke yi wa dariya don yawan faɗanta, ita ta fitar da shi. Ta ɗaura zane, ta kama hannun Hajo, kullum su je su zauna a bakin ƙofar tun safe. Ta ce musu ita ta ba shi ɗaki, ko cokali bai taɓa ɓata a gidanta ba, in za a tsare shi a haɗa da ita. Sai da aka yi makonni, da ba a samu komai a kansa ba, aka sake shi. Aikin kuwa ya tafi, kuma ba mai ɗaukar mai gadin da aka ce ya yi barci.

A nan ba ni da dabarar da zan ba ka, sai gaskiya ɗaya. In maganarka za ta fitar da mutum daga wahala, musamman wahalar da da hannunka a ciki, ka je ka faɗe ta ko kana jin tsoro. Tsoron da na ji a bakin ƙofar nan na minti ɗaya ne. Abin da na ɗauko a madadinsa yau shekara nawa ina ɗauke da shi.

Ya dawo ya rame, yana tari, ba ya son haɗa ido da kowa. Bayan kwana huɗu suka ɗaure kayansu, ƙunshi biyu da tabarma da buta. Da hantsi ya zo bakin rumfata. Bafil ɗin na nan a jingine, na lulluɓe su da zane. Na miƙe tsaye. Na shirya maganata tun jiya, na maimaita ta a raina ya fi sau ashirin.

Shi ya riga ni. Ya ce, “Tela, za mu koma. An ce an yi ruwa kaɗan can wajenmu. Zama wuri ɗaya ba a rasa saɓani. In mun ɓata muku, ko da hayaƙin murhu ne, don Allah ku yafe mana.”

Sau ɗaya na taɓa yi wa Hajo faɗa kan hayaƙi, na ce yana shiga shaddar mutane. A ranar suka mayar da murhunsu bayan gida, cikin rana. Ni har na manta. Shi bai manta ba.

Ka san abin da na ce? Na ce, “Ba komai, Baba. Mun yafe. Allah ya kiyaye hanya.”

Ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi mini addu'a, ya ce Allah ya yi wa sana'ata albarka. Ya ɗauki ƙunshinsa, Hajo na biye, suka bi hanyar tasha. Ina tsaye ina kallon bayansa har ya sha kwana. Maganar tana bakina, kalma uku ce kawai, “ka yafe mini,” amma girman kai da kunya suka riƙe ta. Mahaifiyarka na tsaye a ƙofar ɗaki, ta ji duka. Ta shiga ta rufe ƙofa, na ji tana kuka.

Za ka ɓata wa wani a gidan nan, Mutari, ko ka so ko ka ƙi, haka zama da mutane yake. In hakan ta faru, ka nemi gafara tun mutumin na tsaye a gabanka. Kada ka jira sai ka shirya magana mai kyau. Kada ka ce gobe.

Na sayar da rediyon a watan. Shekara da shekaru, duk direban da na ji yana bin hanyar Tanut sai in tambaye shi ko ya san wani Jibo, dogo, mai mata Hajo, wanda ya taɓa gadi a Yamai. Sukan ce Jibo na wane gari, ɗan wa? Wata biyar muna bango ɗaya, ban taɓa tambayarsa sunan garinsu ba, ban san sunan mahaifinsa ba. Yanzu dai na san ba ya duniya, don ko a lokacin ya manyanta. Ya rage ni da shi sai a gaban Allah, kuma ban san abin da zan ce ba.

Ban hana ka jin daɗin kayanka ba, da guminka ka saya, Allah ya sa ka more su. Abu ɗaya nake roƙonka bayan wanda na faɗa: ran da ba ni, in kana yi mana addu'a ni da mahaifiyarka, ka sa Baba Jibo da Hajo a ciki. Ba na jin suna da wanda ya rage da zai tuna da su.

Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya tsare mutane daga cutarwarka, ya tsare ka daga tasu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada ya maimaita mana irin waccan shekara. Ka gaida mini matarka da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya sa mu gama lafiya.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Lawali tela, Bukoki